Ni da Yaya a Ɗakin Hoton Nono

Tun shekarar da aka yanke wa Yaya nonon hagu a Yamai muka zama ƴan hanyar Maraɗi, ni da ita. Likitan da ya sallame ta bai bar mu mun gama murna ba. Ya ce nonon da ya rage sai an riƙa ɗaukar hotonsa kowace shekara. Sannan ya juyo kaina, ni da jinya kawai ta kawo, ya tambayi shekaruna da abin da ya yi ajalin mahaifiyarmu. Na ce na haura arba'in. Na ce Inna kuwa nononta ne ya kumbura ya fashe, aka yi ta shafa mata sassaƙe har Allah ya karɓi abinsa. Ya ce to, ni ma in shiga layi.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Yaya ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ma ta goye ni. Tana zaune a wani ƙauye ta wajen Gabi. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza kuma da rani ya kama sai su tsallaka Najeriya neman abinci. Tana noma ƴar gonar da aka bar mata, tana matsar man gujiya, tana soya ƙuli-ƙuli. Ni ina nan Madarunfa, ina koyar da yara a lakwal, makarantar boko. Har yau Auta take ce mani, ko da furfura ta fara leƙo mani ta gefen kallabi.

Yaya ba ta motsawa sai hatsi ya shiga rumbu, don haka tafiyarmu ta zama ta bayan kaka. Takan iso da yamma a kan kabu-kabu, ta kwana wurina, da sassafe mu nufi tasha mu jira mota ta cika.

Zuwan farko na yi kwalliya kamar mai zuwa suna. Na shafa hoda har ƙirji, na goga turare a hammata, na sa doguwar riga mai aiki a wuya. Ba wanda ya gaya mani abin da zan tarar. Kalmar hoto na riƙe, na ɗauka tsayawa zan yi a haska ni in fito.

Wadda ke ɗaukar hoton mace ce siririya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwar mijina ba, idanunta irin na wanda barci bai isa ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mani auduga jiƙaƙƙiya.

"Madam, goge hodar nan duka, har hammata. Tana fitowa a hoto kamar ciwo."

Na goge. Doguwar rigar kuma dole na tuɓe ta gaba ɗaya, na tsaya daga ni sai ɗan fatari a ɗaki mai sanyi kamar randa. Injin ya fi ni tsawo. Yana da faranti a ƙasa, da wani a sama garai-garai kamar gilashi. Ta kama nonona da hannu biyu ta shimfiɗa a kan na ƙasan, yadda ake shimfiɗa nama a faifai, ta tura ni gaba har bakin farantin ya shige mani ƙarƙashin haƙarƙari. Sai ta taka wani abu da ƙafa, kamar mai keken ɗinki, na saman ya fara saukowa.

Na yi haihuwa biyar, na san zafi. Amma zafin naƙuda yana zuwa ya tafi, kuma kin san abin da kike jira. Wannan kuwa saukowa yake yi kawai. Na ce ai yanzu zai tsaya, bai tsaya ba. A ranakun nan ina dab da ganin al'ada, nonuwan sun cika sun yi tsami, ko riga ta goge su sai na ji. Da abin ya kai inda ya kai sai na yi salati da ƙarfi, na zabura baya.

"Kin motsa," in ji ta, ba faɗa ba rarrashi. "Sai mun sake."

Muka sake. Daga nan ta karkata injin ta ɗauka ta gefe, sannan muka koma ɗaya nonon. Yaya ta shiga bayana, ban ji ko tarinta ba. Da ta fito tana gyara mayafi, ta zauna kusa da ni a benci. Can ta ce, "Ashe haka tunkuza ka ji in ina matsar ta. Allah shi yahe mani."

Muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Hotunan sun fito lafiya. Amma na yi kwanaki in na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo sai na cije leɓe, yara suna kallona.

Shekara ta biyu muka koma, muka sha irin ta bara. Abin da na lura, tun ana saura wata guda nake fara fargaba. Mutane na murnar kaka, ni ina tuna farantin nan.

A ta uku Yaya ba ta zo ba. Na kira ta a salula ta ce akuyarta ce ba lafiya. Na sake kira ta ce ana sussuka. Ranar da babu lakwal na hau kabu-kabu na same ta har gida. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya da hannu ɗaya, na hagun tana tallafe da shi a cinya. Tun bayan aikin hannun nan yake kumbura, wani lokaci ya yi kamar taɓarya.

Muka gaisa, na sha ruwa, na kawo zancen.

"Ba ni zuwa," in ji ta.

"Yaya, kin ji abin da likita ya ce."

"Na jiya. Lokotoro ba shi ka tsayawa gaban injin nan ba. Guda ɗaya ya rage mani, Auta, shi ma sai an bi shi ana lallatsawa duk shekara? Bakin ƙarhen nan bisa tabon aikina yake zama. Hannun ga a ce in ɗaga, in riƙe, in juya. In dawo gida in yi mako ban iya daka ba. Wa zai yi mani?"

"Idan wani abu ya fito fa, ba mu sani ba?"

"In ya hito ya hito. Na gaji."

Na so in yi mata wa'azi irin na masu karatun boko, sai na ga ba ni da bakin yi. Abin da ta faɗa shi ne a cikina, ita ta riga ni furtawa ne kawai. Na taya ta ɓarar gujiya har la'asar, na dawo.

Ni kaɗai na tafi Maraɗi a shekarar. Layi ya yi tsawo, wuta ta ɗauke ta dawo, sai wajen azahar aka kira ni. Matar nan ce dai, ta ƙara ramewa. Ina kwance ɗankwali ta ce, "Ina mamar da kuke zuwa tare?"

Ban zaci ta san da mu ba. Na ce ta ƙi zuwa. Na faɗa mata dalili, kuma da na fara sai na kasa tsayawa, na haɗa da nawa. Na ce mata tun kaka nake fargaba. Na tambaye ta, don Allah, dole ne sai an matse haka? Ba a iya ɗauka a sake?

Ta jawo kujera ta zauna, kamar wadda dama take neman dalilin zama.

"Ba a iyawa," in ji ta. "In ban matse ba, naman yana taruwa ne wani kan wani, ƙaramin abu sai ya ɓuya a baya. In ya baje, kome na fitowa, kuma hasken da zai ratsa ki bai da yawa. Matsi dai ba makawa. Amma akwai abin da ake ragewa. Ku ne ba ku magana, ni kuma kin ga layin da ke waje."

Ta tambaye ni yaushe nake sa ran al'ada. Na ce yau ko gobe. Ta girgiza kai.

"To ai kin zo a mafi munin lokaci. Bara ma haka?"

Na yi tunani, na ce kusan haka ne. Ranar da Yaya ta samu sarari muke zuwa, ban taɓa duba nawa jikin ba.

Ta ce in bari sai na yi wanka da kamar mako guda, lokacin nono ya saki. Ta ce in sa riga da zane, don rigar kawai zan cire, sanyi ba zai sa in ƙanƙame jiki ba. In babu abin da ya hana ni shan parasetamol, in sha kafin in shigo da kamar awa ɗaya, amma ita Yaya a tambayi likitanta tukuna saboda magungunan da take sha. Ta ce wasu mata sun ce in sun rage shayi mai kauri da kofi da goro na ƴan kwanaki suna jin sauƙi, wasu kuma sun ce ba su ga bambanci ba, in gwada in gani.

"Yanzu zaɓi naki ne," in ji ta. "In kin ce in ɗauka yau, in ɗauka. In za ki iya dawowa, ya fi."

Na tsaya riƙe da ɗankwali a hannu. Na tuna jiran mota, da ramukan hanya, da izinin da na roƙa a lakwal, da wanda zan sake roƙa. Maganin wahalar ashe wata wahalar ce. Na ɗaura ɗankwalina na fito ba hoto.

Maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Da ya dawo na ba shi labari, ya dube ni ya ce, "Wato kin je Maraɗi kin gaida inji kin dawo." Da ranar ta zo shi ya kai ni da kansa har ƙofar asibitin kafin ya tafi lodi.

Wannan karon na bi duk abin da ta ce. Da ta shimfiɗa nonon a faranti ta dafa kafaɗata.

"Sauke wannan. Kin ɗaga ta har kunne. In kin ƙanƙame, naman ƙirji yana ja baya, ni kuma ina ja gaba, ke ce a tsakiya."

Na sauke. Ban ma san na ɗaga ba. Ta ce in kwantar da jikina a kan injin kamar na jingina da bango, in bar ƙoƙarin tserewa. Ta taka abin ƙafar har farantin ya taɓa fata, sai ta bari, ta koma murɗa wani maƙunni da hannu, kaɗan-kaɗan.

"Ja numfashi. Sake shi a hankali. Duk sa'ad da kika saki zan ƙara. In ya kai inda ba ki iyawa, ki ce."

Na saki, ta ƙara. Na saki, ta ƙara. Da zafin ya fara hawa mani wuya na ce, "Nan." Ta taɓa fatar da yatsa ta ji tauri, ta ce, "Ya yi. Kada ki motsa." Ta ruga bayan gilashinta, injin ya yi ƙara, farantin ya ɗaga da kansa.

Ba zan ce bai yi zafi ba. Ya yi. Amma zafi ne mai iyaka, kuma bakina ne ya sa iyakar. Ba a sake ko ɗaya ba. Washegari na yi rubutu a allo ba tare da na tuna ba sai da aka tashi.

Na koma ƙauye da ɗokina na kai wa Yaya labari. Ta saurare ni tana tauna goro. Da na zo kan batun goron ta ce, "Sun ɗauke nono, yanzu kuma goro suka so?" Na ce wannan ba dole ba ne. Na yi ta bayanin kafaɗa da numfashi, har na tashi tsaye ina gwada mata a jikin rumbu. Ta ce, "Madalla. Allah shi ƙara sauƙi." Daga jin yadda ta faɗa na san ba za ta zo ba. Na bar zancen. Ni ma na gaji da roƙo.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ruwan tafkin garinmu ya ja baya har masunta suna tafiya a busasshen laka kafin su kai ga kwalekwale. Wata ranar Laraba na dawo daga lakwal da rana tsaka, na tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗakina da ƴar jakarta. Ba ta aiko ba, ba ta kira ba.

"Lafiya, Yaya?"

Ta kama hannuna ta shigar da ni ɗaki, ta ɗaga riga, ta ɗora yatsuna a hammatarta ta dama. Wani abu ne kamar ƙwallon magarya, yana gudu ƙarƙashin fata.

"Ina wanka na ji shi," in ji ta. "Kwana nawa ina cewa zai baje."

Ban ce mata ai na faɗa miki ba. Na ɗora mata ruwan wanka, na kira asibiti.

Washegari muka tafi Maraɗi. Likita ya fara duba ta, ya yarda ta sha parasetamol, ya tura mu ɗakin hoto. Na roƙi matar ta bar ni in shiga in taya Yaya tuɓewa, ta ce in shiga amma in fita kafin ta haska. Ta gaida Yaya har da ɗan rusunawa.

"Mama, an ce kin yi fushi da mu."

"Ba hushi ba ne, ɗiyata. Tsufa ne da ciwo."

"Nuna mani inda ke damun ki."

Yaya ta nuna mata tabon, dogo, daga tsakiyar ƙirji har hammata, ta nuna hannun da ya kumbura. Matar ta sauke injin ƙasa, ta jawo wata doguwar kujera ta ce Yaya ta zauna, ba sai ta tsaya ba. Ta karɓi ɗankwalin Yaya ta ninka, ta sa tsakanin tabon da bakin ƙarfen, inda ba zai shiga hoto ba. Hannun hagun ta ce a bar shi a cinya, ba ruwanta da shi. Ta goga tafin hannunta a kan farantin don ya rage sanyi.

"Yanzu ke ce mai inji, Mama. In kin ce tsaya, na tsaya."

Farantin bai gama taɓa ta ba Yaya ta ce, "Tsaya."

Ta tsaya. Ta jira. Sannan ta ce, "Na tsaya. Amma in na ɗauka a haka ba za a ga kome ba, sai mun sake. Saura kaɗan. Ki ba ni izini."

Yaya ta dube ni, ta dubi bango. Ta ja numfashi ta saki, kamar yadda na gwada mata a jikin rumbu ranar da na ɗauka ba ta saurare. "Ƙara," in ji ta. Can kuma, "Ƙara." Sai matar ta yi mani alama na fita.

Na zaci an gama, sai aka ce likita yana son a ƙara ɗaya a daidai wurin ƙullin. Aka canja farantin sama da wani ƙarami, bai fi bakin kofi ba. Matar ba ta ɓoye mata ba, ta ce wannan ya fi zafi don wuri ɗaya yake dannawa, kuma babu dabarar da ta sani sai dai ta yi sauri. Ina bakin ƙofa na ji Yaya ta ce, "Wayyo Inna." Tun ina yarinya rabon da in ji ta kira Inna. Da na shiga hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba, tana ƙoƙarin sa riga da hannu ɗaya.

Daga nan aka kai ta wani ɗaki aka shafa mata mai, aka bi wurin da abin da ake duba masu ciki. Muka zauna a benci har la'asar ta yi sanyi. Ba mu ci kome ba.

Likita ya kira mu. Ya ce nonon lafiya lau. Ya kama hannun Yaya na dama ya juya, ya ga wani gyambo a gindin babban yatsa, ya tambaye ta. Ta ce mai ne ya fallatsar mata wajen suya, da yake hannu ɗaya ke aikin biyu, kuma ya ƙi warkewa. Ya ce ga alama kaluluwa ce gyambon ya tayar. Ya rubuta magani, ya sa a wanke ciwon. Amma ya ce saboda abin da ya gabata ba zai saki zancen haka ba, ta dawo bayan wata uku a sake dubawa, in ƙullin bai baje ba a ɗebi kaɗan a auna.

Na yi hamdala a fili. Yaya ta ce, "Wata ukku. Lokacin shibka ke nan." Likita ya ce ya sani. Ta gyaɗa kai.

A mota aka cusa mu baya, tsakanin buhun albasa da wata mata mai goyo. Yaya ta rungume ƙirjinta da hannu saboda ramuka. Da muka fita gari na ce, "Yaya, ya ragu kuwa?"



"Na hwarin sun ragu. Yarinyar tana da hannu." Ta gyara zama. "Ƙaramin nan kuwa, Allah shi isa."

Kafin mu kai rabin hanya barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗata, bakinta a buɗe.

Da muka iso Madarunfa na so ta kwana, ta ƙi. Ta ce ta bar awaki a hannun maƙwabciya, kuma maƙwabciyar ba ta da kirki da dabba. Na tsayar mata da mai kabu-kabu a tasha, na ce ya bi da ita sannu. Na ɗaura mata jakar a baya don kada ta riƙe da hannu. Ta hau da ƙyar, ta zauna a karkace.

"In lokacin ya yi ki kira ni," in ji ta. "Kada ki bari sai na manta da gangan."

Na ce to. Suka tafi. Na tako gida a ƙasa. Na tarar ba a ɗora tukunya ba, ga littattafan yara jibge suna jiran gyara. Na zauna a bakin gado da mayafina a jiki, na ce bari in ɗan huta kafin in tashi.